Mutanen Bakin Ƙofa

A shekarar da shugaban soja ya mutu farat ɗaya, wanda ya gaje shi ya yi alkawarin mai da mulki hannun farar hula, aka buɗe siyasa, hotunan 'yan takara suka rufe bangaye har jikin Ƙofar Guga. A shekarar ce na yi rigimar da ban taɓa yin irinta ba, kuma a kan harafi ɗaya.

Ni ban yi boko ba. Allo na yi, na sauke, na karanta littattafai gwargwadon abin da Allah ya hore, kuma har yau da ajami nake rubuta wasiƙa. A cikin gafakar da na gada akwai wata takarda ta kakana, wadda ya jera unguwannin birni da sana'ar kowace: marina a nan, maƙera a can, masu shanu a wuri kaza.

Masu shanun nan jikokinsu na nan daf da Ƙofar Guga, kuma dattijonsu, Ardo, maƙwabcina ne. Tun ina yaro ƙwaryar nono ke shigowa gidanmu daga gidansu kowace safiya, mu kuma mu ke raɗa wa 'ya'yansu suna. Kaɗo Ardo yake ce mini, wato Bahaushe, ni kuma in tambaye shi ko har yanzu saniya ce limaminsa.

Wata rana wani malamin tarihi na makarantar sakandare ya yi mini sallama. Ya ce ɗan littafi yake rubuta wa ɗalibai, zai faro daga mutanen da suka yi aiki da gatarin dutse, ya biyo ta kan masu narka tama a gindin duwatsu, da sarakunan farko, da jihadi, da Turawa, da larduna, da jihohi, har ya dire a kan mazaɓun da aka yanka kwanan nan. Abin ya burge ni. Na tambaye shi ko yana karanta ajami, ya ce ya ɗan taɓa. Da na tsaya a kan wannan "ɗan taɓa" da ban ba shi aron takardar ba. Na ba shi, ya kwafa, ya maido.

Littafin ya fito daidai lokacin da babban ɗan Ardo ya fito neman kansila. A ciki an rubuta cewa wata tsohuwar takarda da ke gidana ta kira masu shanun unguwarmu "baƙin ƙofa". Abokan hamayya suka samu abin da suke nema. Suka riƙa ɗaga littafin a wurin taro suna cewa baƙo ba ya wakiltar 'yan gari, ga shi ma a rubuce tun zamanin kakanni.

Ƙwaryar nono ta daina zuwa. A rana ta uku Ardo ya zo da hantsi. Ya tambayi kwana, ya tambayi iyali, ya tsaya nan. Bai tambayi gajiya ba, bai ce mini Kaɗo ba.

"Malam," in ji shi, "kakana yana kwance a maƙabartar da kakanka yake. Takardar gidanku ta fitar da mu daga gari. Ina bin ka bashin sunanmu."

Da ya tafi na ɗauko takardar na kai ta haske. Abin da kakana ya rubuta shi ne, masu shanu su ne mutanen bakin ƙofa, da kaf, ba da ƙaf ba. Baki, wato gefe, inda suka zauna don dabbobi su fita kiwo ba tare da sun ratsa birni ba.

Na sa rawani na nufi makarantar. Malamin ya karɓe ni da ladabi, ya ba ni kujera, ya saurara. Sai ya ce ai sanannen abu ne marubutan dā ba su damu da bambanta kaf da ƙaf ba, don haka kalmar tana iya ɗaukar karatu biyu, shi kuma ya zaɓi wanda ya dace da abin da masana suka faɗa, cewa makiyaya daga baya suka zo.

Na shimfiɗa takardar a kan teburinsa na ɗora yatsa.

"Malam, dubi kalmar da ke biye. Ƙofa. Da wane harafi ya rubuta ta?"

"Da ƙaf."

"Mai ɗigo a sama. To mutumin da ya san ƙaf a ƙofa, shi ne zai mance da ita a kalmar da ke jingine da ita? Tawadar ma ba ta bushe ba tsakaninsu."

Sai ya ce, Allah gafarta Malam, an riga an buga, an raba, kuma kuskuren harafi ɗaya ba ya rushe tarihi. Na ce masa wannan harafin ya riga ya rushe gida guda, kuma gobe ma ina nan tafe.

Na koma kashegari, na sake komawa rana ta uku. Akwai bishiyar bedi, wato dogon yaro, a gaban ofishinsu, nan nake shimfiɗa buzuna in ja carbi har a tashi. Wasu suka ce girmana ya wuce haka. Ni kuwa na ga sunan gidanmu aka jingina wa ƙarya, kuma wanda aka yi shaidar zur da bakinsa ya yi shiru, ya sa hannu a cikinta.

A zaman nan na saurari littafin nasa, wani malami yana karanto mini. Na ga tun daga shafin farko har na ƙarshe labarin masu zuwa ne. Masu gatarin dutse sun tarar da daji, maƙera sun tarar da su, masu ganuwa sun tarar da maƙera. Kowa ya tarar da wani. Amma sai a kan Ardo kaɗai aka ga baƙunta, kuma sai a shekarar da baƙunta ta zama abin hana mutum kujera.

Rana ta biyar malamin tarihin ya fito ya durƙusa gefen buzun, ya roƙe ni in yi haƙuri in tafi gida. Na tambaye shi ina aka haifi kakansa, don na san zuriyar. Ya ce Maraɗi. Na ce to, mutanenku daga birnin nan suka fita lokacin jihadi, suka daɗe can, suka dawo. Bature ya ja layi a tsakani, yau can wata ƙasa ce. In aka bi shafin ƙarshe na littafinka, kai ne baƙon da ya fi Ardo nisa. Na ce ni ban yarda da haka ba, kuma ba zan yarda a yi wa Ardo ba.

Ya tashi ya koma ofis. Amma ranar Juma'a bayan la'asar, lokacin da mutane ke taruwa a gindin ƙofar ana musun siyasa, sai ga shi da littafin a hannu. Ya nemi in zo da takardar. Ya tsaya a gaban jama'a ya ce ya yi kuskuren karatu, ya faɗi kalmar yadda take, sau biyu. Wani daga cikin 'yan hamayya ya ce sayen sa aka yi. Na miƙa wa mutumin takardar na ce ya karanta mana da kansa. Ya riƙe ta a juye, aka yi dariya, maganar ta mutu.

Ɗan Ardo bai ci zaɓen ba. Wanda ya fi shi jama'a ya kayar da shi, kuma wannan ba ruwan takardata. Sai dai har aka gama ba wanda ya sake kiransa baƙo.

Kashegarin Juma'ar nan Ardo ya shigo zaurena da ƙwaryar nono a hannunsa, shi da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, har da gajiya da sanyi da labarin gari. Na tambaye shi ko da sauran abin da yake bi na.

"Ka biya, Kaɗo," in ji shi. "Amma a wanke mini ƙwaryar kafin a maido."