Wasiƙar da Na Rubuta Game da Mma

Ni da ƙawata tare muka tashi a unguwar Maamobi, a ƙasar Gana. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajenmu, makarantar allo ɗaya muka yi, ta boko ma ɗaya, har muka gama karatun aikin jinya a shekara guda. Mahaifiyarta tana da shagon atamfa a Zongo Lane. Tawa kuwa, Mma, waakye, wato shinkafa da wake, take sayarwa a bakin titi tun kafin a haife ni, kuma hayaƙin icen da take dafawa da shi ne ya cinye mata ƙirji.

Ni na fara jin labarin wata ƙungiya da ke ɗaukar nauyin ɗalibai su je ƙasar waje su karanta kiwon lafiyar jama'a. Ranar da na ji, ranar na gaya mata. Muka sayi fayil iri ɗaya, muka rubuta abubuwan da ake nema a bayan wani tsohon littafi: fasfo, sakamakon jarrabawa, shaidar malamai biyu, gwajin ƙirji, sai wasiƙar da mutum zai bayyana kansa da dalilin da ya sa yake son karatun. An ce mana wannan wasiƙa ita ce kan gaba, in ta yi kyau sauran masu sauƙi ne.

Wata biyu na yi ina rubuta tawa. Na rubuta yadda nake riƙe wa Mma kwano tana tari, da yadda matan layinmu masu suya da dafuwa duk muryarsu ta dushe iri ɗaya, da cewa ina so in koyo abin da zai raba su da wannan hayaƙi ba tare da ya raba su da sana'arsu ba. Da na gama na ba ƙawata ta duba mini Turancin, domin ta fi ni. Ta karanta a gabana har ta share hawaye. Ta ce in tura mata a waya ta gyara a nutse. Tata wasiƙar kuwa ta ce ba ta gama ba, kuma kunya take ji in gani.

A makon ne aka kwantar da Mma a asibiti. Kwana goma sha ɗaya ina kanta, ban ko tuna da fayil ba. Sai ana saura kwana biyu a rufe karɓar takardu na je wani shago a Adabraka, inda wani dattijo ke buga wa mutane takardu, ya taya ni haɗa komai muka tura.

Amsar da ta zo gajeriya ce. Sun ce wasiƙata ta yi daidai da ta wani mai nema da ya riga ni turawa, saboda haka ba su yarda aikina ba ne, kuma kada in sake nema a wurinsu. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Zuciyata ta tafi kai tsaye kan dattijon Adabraka, tunda na bar wasiƙar a na'urarsa. Ƙawata ce ta raka ni shagon. Na tsaya a gaban mutane na kira shi ɓarawo, mutumin da ya yi jika da ni. Ya yi ta rantsuwa. Ita tana gefena tana riƙe da jakata, tana kallo. A motar haya ta trotro muna dawowa ta ce in bar wa Allah.

Bayan sati uku tata amsar ta zo, an ɗauke ta. Na yi mata murna, Allah ya sani na yi, ko da yake sai da na shiga banɗaki na yi kukana. Daga nan aka shiga hidimar biza, kuma ni ce na fi kowa sanin kanta, don na riga na haddace duk abin da ake bukata. Ni na raka ta gwajin ƙirji. Ni na gano an juya harafi ɗaya a sunanta tsakanin fasfo da takardar makaranta, muka yi ta zirga-zirga har aka gyara. Mahaifiyarta tana cewa ko 'yar'uwa ta jini ba za ta yi abin da nake yi ba.

Ana gobe za ta je ganawa a ofishin jakadanci, bayan la'asar, muka zauna a tsakar gidansu muna gwaji. Ni ce ma'aikaciyar, ita mai nema. Na tambaye ta wa zai ɗauki nauyinta, ta amsa. Na tambaye ta ko za ta dawo Gana, ta amsa da kyau. Sai na tambaye ta me ya sa ta zaɓi wannan karatu. Ta kama inda-inda. Na ce ai dole abin da za ta faɗa ya dace da abin da ta rubuta musu, in ba haka ba za su kama ta, na jawo fayil ɗin daga cinyarta. Ta miƙo hannu, amma na riga na buɗe.

Layin farko ma ya ishe ni. Kwanon yana nan, tarin yana nan, matan layinmu suna nan. Abu ɗaya ta canza: inda na rubuta Maamobi ta sa Nima, unguwar da ke maƙwabtaka da mu.

Na ce, "Mahaifiyarki ce ke sayar da waakye?"

Ta ce ba ta yi zaton zan tura ba, ganin halin da Mma ke ciki. Ta ce ta zauna ta zauna ba ta sami abin rubutawa ba, ita rayuwarta ba ta da labari. Ta ce niyyarta in ta je ta samo mini hanya.

"Kin tsaya kina kallo ina zagin dattijon nan," na ce mata.

Ta durƙusa ta kama ƙafata tana cewa, "'Yar'uwa, ki rufa mini asiri, gobe ne kawai." Daga kicin mahaifiyarta ta ɗago murya tana tambaya ko zan tsaya in ci tuwo. Na ce a'a, Hajiya, na gode, na fita.

Ina da duk abin da zai tona ta. Saƙon da na tura mata yana wayata da ranarsa, rubutun hannuna na farko yana cikin akwati. Na zaunar da Mma na gaya mata komai, ina jiran ta ce in je in ƙwaci haƙƙina. Abin da ta fara tambaya shi ne, wato yanzu Turawa sun san tana tari? Sannan ta ce ita ba za ta hana ni ba, amma in tuna gidajen nan biyu ba za su tashi daga inda suke ba, kuma ranar da ta mutu wannan Hajiyar ce za ta fara shigowa.

Ban tura komai ba. Har yau ban san ko haƙuri na yi ko tsoro ba. An ba ta biza. Ranar tafiyarta layinmu ya cika, aka yi addu'a, limami ya ce 'yar Zongo ta fitar da mu kunya. Na ce ina da aikin safe, na tafi asibitin da nake aiki tun kafin motar da za ta kai ta filin jirgi ta zo.

Washegari na hau trotro zuwa Adabraka. Dattijon ya gane ni tun daga ƙofa, ya ajiye abin da yake yi. Na gaya masa ba shi ba ne, na roƙe shi gafara. Bai tambaye ni ko wane ne ba. Ya ce ya yafe, amma tun ranar akwai ɗaliban da suka daina zuwa wurinsa, kuma wannan ba ni da yadda zan yi in dawo masa da shi.

Shekara uku ke nan. Takan turo saƙon murya lokacin Salla, ba na buɗewa. Na sake nema a wasu wurare biyu, sai dai duk sanda na zauna rubuta wasiƙa ba na iya sa Mma a ciki, sai in ji kamar ni ce ke satar. Abin da nake rubutawa yana fitowa a bushe, kuma duka biyun ba su ɗauke ni ba. Bana akwai wani da za a rufe a ƙarshen wata, ban fara ba tukuna.