Wayar da ke taɓa ƙofar kicin

Gidanmu na Gangaren Tudu maigidana ne ya ja masa wuta da hannunsa, Allah ya jiƙansa. Tela ne shi, amma ba ya yarda wani ya taɓa masa gida. Ya je Sabon Gari ya samo naɗin waya baƙa, da ita ya yi komai. Mai wuta baƙa, marar wuta baƙa. In ka buɗe akwatin fis sai ka ga kamar kitson da aka kwance.

Wata damina bayan rasuwarsa ƙofar kicin, ta ƙarfe ce, ta fara jan mutane kamar wayar wuta. Ta ja ni, ban gaya wa kowa ba. Ta ja matar ɗana da ta zo gaishe ni, labari ya kai Abuja kafin la'asar.

Babban ɗana ya kira. "Mama, ki haɗa kayanki, ranar Asabar zan zo in ɗauke ki. Mai gyara ya ce sai an fasa bango an sake wayar gidan duka."

"Ya zo ya gani ne?"

"Na tura masa hoto."

"To, a gaishe shi da hotonsa."

Na san irin wannan ɗauka. Akwai wadda aka ɗauka daga layinmu wai kafin a gama gyara, yau ɗalibai ne ke haya a ɗakinta.

Na ɗauko mitar maigidan daga cikin keken ɗinkinsa, wata 'yar rawaya mai igiya ja da baƙa. Lambobin da take nunawa ban san su ba, karatuna bai kai can ba. Amma shi kunnensa ya yi nauyi a ƙarshe, ni ce mai saurara masa. In bakin igiyoyin biyu suka taɓa waya ɗaya, sai ta yi tsiiii. Yakan waigo ya ce, "Ta yi kuka?" Haka na koya.

Na saka sabon batir, na kira aminiyata ta bayan katanga, 'yar ƙabilar Eggon ce, tsohuwar malamar firamare. An ɗauke wuta, duk da haka na zare fis, don masu wuta ba sa sallama in za su kawo. Na ƙara wa igiya ɗaya doguwar waya, na kankare fentin ƙofar, na ce ta danna bakin wayar a wurin.

"Hajiya, in na mutu ke za ki yi wa fasto bayani."

"Malama, riƙe kawai. Fis ɗin yana cikin zanina."

Na koma akwatin, na kunce wayoyin ina taɓa su bi da bi da ɗaya igiyar. Shiru, shiru. Tana can tana mita wai hannunta ya gaji, sai na ji ƙarar, siririya. Na ce ta ɗaga, ƙarar ta mutu. Na ce ta mayar, ta dawo. Na cire wannan wayar, na naɗe bakinta da salatif, na ɗaura mata jan zare.

Da aka kawo wuta ƙofa ta yi lafiya. Sai dai ashe wayar nan ita ke kai wuta ɗakina. Babu fanka, babu fitila.

Ranar Asabar ɗan nawa ya iso da mota. Ya duba ƙofar, ya duba jan zaren, ya leƙa ɗakina.

"Mama, a wannan zafin za ki kwana?"

"A cikinsa na haife ka. In mai gyaranka zai zo, ya zo ina nan zaune, ya bi waya ɗaya. Amma ba mai fasa mini bango, kuma ba inda za ni."

Ya sa makullin mota a aljihu. Can ya ce, "Akwai abinci?"

Na tura ƙofar kicin da tafin hannuna, na shiga na zubo masa.