Kwamfutar Yaya da ɗan gem ɗina

Jama'a, yau ɗan gem ɗina na talabijin ya kunyata kwamfutar ofis!

Yaya Nura ne ya kawo ta gidanmu a Kinkinau, yana cika baki wai ta fi gem ɗina ƙarfi. Muka yi da shi, wanda aka kayar zai wanke motar Baba.

Muka sa tseren mota. Tawa fiu! Tasa kuwa tana tafiya tana tsayawa, kamar mai shaƙuwa.

Na ce, "Yaya, nawa fa don wasa kaɗai aka ƙera shi."

Ya fusata, ya cire bishiyoyin cikin wasan, ya cire inuwa, har da gajimare. Sai ga motarsa da gudu!

Ya ce, "Umma, wa ya ci?"

Umma ta ce, "Ƙanenka mana. Ai ko jaki aka sauke wa kaya, sai ya yi sukuwa."