Ragon Sunan Jar Ƙofa

Ko zan manta da komai na zamana a Sabha, garin Larabawan da muka je ci-rani, ban da ranar da muka yanka rago don raɗa wa shafin intanet suna. Har yau in na tuna, haushi da dariya ne ke taso mini lokaci guda, amma haushin ya fi yawa.

Ni da kawuna muke da wurin walda a unguwar Gurda, muna ƙera ƙofofi da tagogin ƙarfe. Shi ya fara zuwa daga Damagaram, ni na biyo shi daga baya muka haɗa hannu. Ba mu taɓa kafa allon suna ba. Ƙofar wurin ja ce, saboda haka kowa, Larabawa da 'yan ƙasarmu, Jar Ƙofa yake kiranmu, kowa da harshensa. Shekara da shekaru wannan sunan ne ke kawo mana aiki.

Da na ga masu gine-gine sun koma neman ma'aikata ta waya, na lallaɓa Kawu muka je wajen wani Bakano mai shagon kwamfuta a unguwar Sukra, don ya buɗe mana shafi. Ya bincika ya ce sunan Jar Ƙofa ba wanda ya kama shi.

"Alhaji, a yi rajista yanzu," in ji shi. "Abin nan duk wanda ya riga shi ke da shi."

Kawu ya dube shi sheƙeƙe. "Kai, yaushe aka fara raɗa suna a tsaye? Ko jariri sai ya kwana bakwai. Sai na tara jama'a an yi addu'a tukuna."

Na san maganar banza ce, wallahi na sani. Amma ƙanen mahaifiyata ne, ga baƙo a wurin, sai na sunkuyar da kai na ce, "Haka ne, Kawu." Wannan "haka ne" ita ce wauta mafi girma da na tafka a rayuwata.

Kawu mutum ne mai son a gan shi. Mako guda ya yi yana zagaya Gurda yana gayyata, kai ka ce ɗan fari aka haifa masa. Ranar Juma'a da safe aka shimfiɗa tabarmi a gaban wurin aikinmu, aka raba dabino, aka kayar da rago. Kawu ya sha babbar riga, ya miƙe ya yi gyaran murya, ya sanar da sunan da za a sa wa shafin, har da maimaitawa sau uku don na baya su ji. Aka shafa fatiha. Mutanen da rabinsu ba su san mene ne shafin ba suna ta cewa Allah ya raya.

Cikin baƙin akwai wani ɗan garinmu da ya koyi walda a hannun Kawu, daga baya ya buɗe nasa wurin a layin bayanmu. Shi ya fi kowa cin nama, shi ya fi kowa ɗaga murya wajen amin. Har ya matso ya durƙusa yana tambaya.

"Baba, to an riga an yi rajistar ke nan?"

"Sai gobe in Allah ya kai mu," in ji Kawu, yana washe baki. "Mu ba ma yin abu da garaje."

Ko shayi na biyu mutumin bai jira ba, ya ce yana da uzuri.

Washegari da muka koma shagon, Bakanon ya juyo mana da fuskar kwamfutar. An kama sunan tun jiya da azahar. Kawu ya hau faɗa, wai a kira mai intanet ɗin a gaya masa akwai shaidu fiye da hamsin, kuma an zubar da jinin rago. Bakanon ya ce, "Alhaji, su ba su san rago ba."

Ashe ɗan garinmun nan ne ya kama sunan, kuma kafin mako ya zagayo ya shafa wa ƙofarsa jan fenti. Dattawan garinmu sun zauna da shi, ya rantse shi launin kawai yake so. Wani mai gina gidaje a Sukra, wanda aka yi wa kwatancenmu, ya duba sunan a waya ya tafi can da aikinsa gaba ɗaya. Wasu suka bi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da wani Balarabe ya tsaya a bakin wurinmu, ya kalli ƙofar da Kawu ya fenta tun kafin wancan ya iya riƙe guduma, ya ce ashe mu ma muna kwaikwayon Jar Ƙofa.

Da hannuna na mai da ƙofarmu shuɗiya. Kawu yana zaune a kan benci yana kallo.

Na daɗe ina zagin wancan mutumin a zuci, kuma ya cancanta. Na daɗe ina jin haushin Kawu da burgarsa. Amma shi bai san yadda abin yake ba, ni kuwa na sani na yi shiru don kada a ce na musa wa babba. Tun daga ranar, abin da ban kama a hannu ba ba na shelarsa, kuma in na ga babba zai kai mu rami, ina durƙusawa in gaya masa gaskiya. Kunyar minti guda na guje wa, ta ci mana sunan da muka yi shekaru muna ƙerawa.