Kaset ɗin da ya yi wata shida a shagon tela

Gidanmu na Afala ba shi da adireshi. Wa zai rubuta "gidan bayan rijiya" a kan ambulan? Duk saƙon da 'yan biɗa, masu tafiya neman kuɗi, suka aiko daga Abijan, wurin wani tsohon tela yake sauka, gefen kasuwar Tawa. Shi ke da akwati a gidan waya, kuma ya san kowa da kakansa. Sai dai ba ya ba wani saƙon wani. Sai ɗan gidan ya zo da ƙafarsa.

A shekarun nan da aka yi ta yajin aiki, gidan waya ya buɗe yau ya rufe gobe, maigidana ya dawo daga Tawa da labari. Wai wani mutumin Damagaram ya buɗe shagon talho kusa da tasha. A kira daga Abijan, ya rubuta, ya ba direba.

"Ke, wanga tsoho naku sai mutum ya yi furfura yana jira. Can kuwa kwana biyu magana tana ƙofar ɗakinki."

Ni na matsa a koma can, kuma ina da dalili. Ƙanena ya tafi biɗa Abijan ranar da za a fara shuka. Inna ta tsaya bakin zaure ta ce kada ya tafi, ya raɓa ta ya wuce. Ta ce ba za ta sake kiran sunansa ba sai ya nemi gafara da bakinsa. Shekara uku ko gaisuwa babu. Na ce ƙila nisan hanya ne ke riƙe shi.

Muka aika masa lambar talhon ta hannun wani mai komawa Abijan. Daga nan ba wanda ya sake leƙa tela.

Talho kam yana da sauri, ba zan yi masa ƙarya ba. Ƙanena ya rasu ranar Laraba, Juma'a da hantsi takardar tana hannun maigidana. Zazzaɓi ne, an rufe shi can. Inna ba ta yi kuka ba. Ta ci gaba da tsince wakenta.

Bayan girbi na je likita a Tawa, na bi ta gaban shagon tela.

"Ɗiyata! Kun yashe ni ko? Zo ki karɓi amanarki, tun kafin damina take nan."

Ya jawo ta daga ƙarƙashin ƙyallaye. Kaset ne a ambulan, daga ƙanena. Na lissafa da yatsu, ya iso wata biyu kafin rasuwar.

"Baba, don mi ba ka aiko ba?"

"Da wa? Na zata gobe za ku zo. Kullum ina zata gobe."

Kwana tara yana cikin kwallata. Maigidana ya ce in bar tsohuwa ta huta. Ni kuwa ko ƙofar ɗakin na wuce sai in ji kamar mutum na zaune ciki yana jiran a yi masa iso.

Rana ta goma da safe na sa sabon pil, wato batir, a rediyo, na saka kaset ɗin, na ajiye gaban Inna. Sai ƙarar motoci, sai tari, sai muryarsa. Ya gaida kowa, har maƙwabciyarmu da ta riga shi tafiya. Inna tana amsawa, "Lahiya lau. Lahiya lau," kamar yana bakin tabarma.

"Inna, an ba ni lambar talho, amma wagga magana ba ta bakin wani ba ce. Ki yahe mini. In kin yahe, a aiko, in zo kafin shuka."

Ya yi shiru, kaset yana ta juyawa. Ina jin numfashinsa. Wuri ya bar mata ta amsa.

Inna ta matso da bakinta dab da rediyon.

"Na yahe, ɗan nan. Tun ranar na yahe. Taho."

Ta ɗago ta dube ni.

"Ya ji?"

Na ce ya ji.