Jakin Aro Ranar Kwasar Hatsi

Tun da babanmu ya rasu, 'yan barema ke noma wa Inna gonarta da ke bayan Filinge. Ciwon gwiwa ya hana ta duƙawa, amma bakinta lafiya lau. Kullum da safe a kan shimfiɗa mata tabarma gindin gawo, daga can take ba da umarni.

Mutum uku ne ke dawo mata kowace damina: wani dattijo Bazabarme daga Tondikandiya, wanda ba ya aiki sai da waƙa, da wasu magidanta biyu, wa da ƙane, daga Imanan. Ni ina koyarwa a lakwal a Yamai, amma ba na yarda kaka ta wuce ban zo ba. Aikina dama hura da kai musu gona.

Shekarar da nake tunawa hatsi ya yi kyau ƙwarai. Wan yana yankan zangarniya, ƙanen yana tarawa, dattijon yana ɗaure damma da igiyar kaba. In ya gama dami sai ya dafa shi ya ce masa "fofo", wato sannu da Zabarmanci, kamar ya ga baƙo.

Ranar kwasa jakinmu yana ɗingishi, sai muka ari na maƙwabcinmu muka ɗaura masa amalanke. Aka loda damma har suka yi tozo, sannan na kira su shan hura. Muna cikin sha, Inna na faɗan an cika tsami, ƙanen ya waiwaya ya ajiye ludayi.

"Inna, ina jakin?"

"Ni kaka tambaya? Ni na ɗaure shi?"

Ashe babu wanda ya ɗaure shi. Muka bi sawun taya cikin rairayi, ni da su ukun, dattijon na haki yana dariya. Sawun ya miƙe har cikin gari, ya wuce ƙofarmu bai ko karkata ba. Muka tarar da jakin tsaye gaban rumbun ubangidansa, bai zubar da dami ko ɗaya ba. Matar gidan na tsaye ta riƙe haɓa.

"Ɗiyata," ta ce mini, "wanga alheri duka daga Innarku? Ni dai na yi godiya, ku sauke."

Wan ya zauna ƙasa don dariya.

Da muka kai wa Inna labari ta yi dariya har da hawaye. Ta ce tun da an riga an yi godiya, a mayar wa matar da dami guda, a zaɓi babba. Sauran muka shigar rumbunmu kafin la'asar. Dattijon ne a ciki yana jerawa, muna jin waƙarsa ta bakin rumbun, har ya saka jakin cikin baiti. Washegari muka shiga roron wake.