Fasinjan da Bai Taɓa Gane Ni Ba

A Damagaram duk wanda ya san ubanka ba ya biyan ka. Wannan karatun na fara haddacewa, tun kafin a sa ni lakwal, wato makarantar boko, in soma kokawa da Faransanci.

Famfo ɗaya ne a unguwarmu ta Zongo, ruwan kuma sai lokacin da ya ga dama yake zuwa. Ƙa'idar layin ita ce mutum ba ya tsayawa da kansa, bokitinsa ke tsaya masa. Ka ajiye ka koma gida, ba mai taɓa maka. Da na lura da haka sai na bi bola na tattaro fasassun bokitai da tukunya marar gindi, har da gwangwanin tumatir, na jera su a gaba. Da famfo ya fara tari mata suka taho a guje, sai suka tarar rabin layin nawa ne. Mai sauri ta ba ni dala, in ɗauke gwangwanina ta sa bokitinta.

Kasuwa ta yi kyau har ranar da wata ƙawar innarmu ta leƙa fuskata ta ce, "Kai, ba ɗan gidan baduku ba ne? Ni za ka sayar wa layi, ni da na goya ka?" Ta sa ƙafa ta ture gwangwanin. Kafin la'asar duk matan unguwa sun tuna cewa sun goya ni. Na yi ta mamakin yaushe innarmu ta samu damar ɗaukata ita ma.

Na koma sayar da fara. Da kaka nakan je Droum wurin kakata, mu kamo da sanyin safiya, ta dafa ta shanya, in dawo da ita in soya da yaji. A lakwal nake ƙulla ta cikin takarda. Abokai kowa ya ce ɗanɗano zai yi, ɗanɗanon nan kuwa ba ya ƙarewa sai ya ga gindin kwano. Ragowar mushenmu, wato malaminmu, ya ƙwace, wai tana hana karatu. Ta taga na jiyo shi yana hukunta ta ƙarmas-ƙarmas.

Kanawa masu kawo yadi kasuwar Dole su ne suka fara biyana cikakke, don ba su san ubana ba. Nakan ɗaukar musu kaya, in nuna musu masauki da inda ake tuwo mai kyau. Amma su ma da sun zo sau biyu sai su fara kirana ɗan gida, daga nan kuma sai "Allah ya yi albarka". Babanmu yana zaune kan fatunsa yana jin labarina, yakan girgiza kai ya ce ko inuwa aka ba ni ajiya sai na nema mata mai saye. Ni dai abin da na gane shi ne, fuskata ce ke karya mini jari.

Na girma, na zama mushe ni ma, ina koyar da yara a unguwar Birni. Suna mai daɗi, albashi kuwa ba ya ganin ƙarshen wata. Na sayi tsohon babur, babanmu ya ɗinka wa sirdin rigar jar fata mai zane irin nasa. Da an tashi lakwal sai in cire rigar aiki, in naɗa rawani irin na Buzaye har hanci, in ɗora baƙin gilashi, in nufi wajen Kara-Kara da bakin tasha in yi kabu-kabu. A karon farko a rayuwata na ɗauki maƙwabta na sauke, suka biya ba tare da sun goya ni ba. Har uban wani ɗalibina na taɓa ɗauka, ya zagi mushen ɗansa tun daga tasha har gida, na ƙara masa kuɗi.

A lokacin ne nake neman aure. Yarinyar 'yar wani dattijo ce mai sayar da goro, mutumin Birni, mai nauyin baki da kaifin ido. Baffannina sun je sun gabatar da ni a matsayin mushe, ma'aikaci, mai natsuwa. Ya ce su ba shi lokaci zai bincika. Ni kuwa ina son yarinyar nan so na gaske, irin wanda ke hana mutum cin tuwo. Na kuma san yadda dattawa ke kallon 'yan kabu-kabu: yara marasa kunya, masu gudu kamar an biyo su. In ya ji mushen nan da yamma shi ke ihun "ina za ka?" a bakin tasha, na san zancen ya mutu.

Wata Alhamis ina tsaye a inda motocin Takieta ke sauke mutane, sai na ji an dafa sirdina. Na waiga. Shi ne, da huhun goro ƙarami a hannu.

"Samari, Birni za ka kai ni."

Wanda bai san kunyar suruki a wurinmu ba ba zai gane abin da ya same ni ba. Mutumin da in ka hango shi a lungu sai ka canza lungu. In ba makawa ka cire takalmi ka durƙusa daga nesa, ka gaisa da ƙasa. Ba ka cin abinci a gabansa, ba ka kiran sunansa, ba ka haɗa ido da shi. Ga shi yau ya haye bayana, gwiwoyinsa sun tokare ni, huhunsa a kan tankina. Na so in gudu, amma ba a gudu da fasinja a kai.

Na shaƙe murya kamar mai mura na ce, "To, Baba."

Mun ɗan yi tafiya sai ya ce, "Ku da kuke yawo cikin gari, ba abin da ke ɓoye muku. Ka san wani mushe ɗan baduku na Zongo? Yana neman ɗiyata."

Nan Shaiɗan ya zo ya zauna tsakanina da huhun goro. Na ce a raina, yaushe kuma za a sake tambayata shaida a kan kaina? Na gyara zama na ce, "Wa bai san shi ba, Baba? Ai yaron kirki ne. Ga salla a kan lokaci, ga ladabi, ga riƙon amana. Iyaye har rububin sa 'ya'yansu ajinsa suke."

"Ashe?"

"Wallahi samari irinsa sun yi ƙaranci a garin nan."

"To madalla. Ni dai an ce mini tun yana ƙarami yake sayar wa mata layin famfo."

Saura kaɗan mu shiga kwata. Na ce, "Ƙuruciya ce, Baba."

"An ce kuma son kuɗi gare shi."

"Neman halak ne, Baba, ba son kuɗi ba."

"Kai ka san shi sosai ke nan," in ji shi. Da muka shiga lungunan Birni sai ya shafa sirdin ya ce fatar nan ta sha aiki mai kyau.

A ƙofar gidansa wata sabuwar matsala ta taso. In na karɓi kuɗi, na karɓi kuɗin suruki, abin kunya har jikoki. In na ƙi, wane ɗan kabu-kabu ne ke ƙin kuɗi? Na faɗi farashi can ƙasa. Ya ce ya yi tsada. Na ce isansi, wato man fetur, ya hau. Muka yi ciniki kamar ba gobe, ya rage, ya biya, na ja babur ina gumi har cikin takalmi. Kwana biyu ban iya barci ba, ina jiran a dawo wa baffannina da goronsu. Sai ga aike cewa an ba ni.

Bayan biki na ɗauka shi ke nan, na tsallake. A gidansa muka koma yadda ya kamata: in durƙusa a zaure, ya ce "lafiya", in ce "lafiya", kowa ya kalli tabarma. Amma Alhamis na zagayowa sai na gan shi a bakin tasha. 'Yan kabu-kabu sun yanyame shi, yana kore su da sanda, har ya iso wurina. "Samari, Birni."

Daga nan ya zama fasinjana. A bayan babur ɗin nan mutumin da ba ya haɗa mini kalma uku a gida ya zama mai surutu. Ya ba ni labarin fataucinsa na ƙuruciya, da yadda ake gane goron da zai yi tsutsa. In ina da laifi kuma a nan nake jin sa. "Surukin nan nawa, an ce ya yi fushi ya ƙi cin tuwo a kan gishiri. Kai kana ganin wannan hankali ne?" In ce, "Bai kyauta ba, Baba, amma wataƙila gishirin ya yi yawa." Ya ce, "To, ita ma za a gaya mata." Ni ma na koyi aika nawa saƙon. Da aka yi mana haihuwar fari, a bakin ɗan kabu-kabu ya ji cewa surukinsa na son sa wa yaron sunansa, yana jin nauyin faɗa. Da muka wuce kasuwa sai ya ce in rage gudu, iska na shiga masa ido.

Ban san ranar da na tabbata ya sani ba. Ban tambaya ba, bai faɗa ba. Kuɗi kuwa kullum sai ya yi ciniki, kullum sai ya biya. Daga baya na samu ƙarin girma, na buɗe ɗan shagon kayan makaranta, na daina kabu-kabu. Alhamis kaɗai na bari, fasinja ɗaya.

Shekarar da ciwo ya kama shi, 'ya'yansa suka kawo mota za su kai shi asibiti, ya ƙi shiga. Ina shago matata ta zo da kanta, ta ajiye mini rawanina a kan tebur, wankakke, a goge. Ta ce, "Baba ya ce a kira masa mai babur ɗinsa." Na dube ta. Ta ce, "Tun ranar farko ya shigo gida yana dariya. Ya ce ɗinkin babanka ko a duhu ya shafa ya san shi, kuma bai taɓa jin mutum ya yabi kansa haka da murar ƙarya ba."

Na naɗa rawanin na tafi. Aka ɗora shi a bayana, ba nauyi ko kaɗan. Wannan karon ya zagaye ni da hannuwansa, ya kwantar da kai a bayana. Na tuƙa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. A ƙofar asibiti 'ya'yansa suka sauke shi. Ya laluba aljihu ya miƙo kuɗi, bai yi ciniki ba.

"Samari," in ji shi, "in ka ga surukin nan nawa, ka ce masa na gode. Ya riƙe mini ɗiya da kyau. Ni bakina ba zai iya gaya masa ba."

Na ce, "Zai ji, Baba." Muryar da ta fito ba sai na shaƙe ta ba.

Bai fito daga asibitin ba. Na yi kukan da ban yi wa kowa ba bayan babanmu, don ina ƙaunar tsohon nan, kuma ban taɓa gaya masa da fuskata a buɗe ba. Babur ɗin yana nan a zaure, ya daina tashi. Masu gyara sun sha taya shi, har da wanda ya ce sirdin kawai yake so. Ni da na sayar da layin famfo, na ce musu ba na sayarwa ba ne.